Ɓargon Ya'u

Ran wata Juma'a Saudat ta fara ganin jinin. Ƙaninta Ya'u ya zo gidanta a Dakata bayan an sauko daga masallaci, yadda ya saba, da sandar rake a kafaɗa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta yana sha yana tofarwa a wani tsohon faranti, yana ba ta labarin 'yarsa Ummi da ta fara rarrafe da baya maimakon gaba. Tana cikin dariya idonta ya sauka a kan farantin. Duk abin da ya tauna ya tofar ja-ja ne.

"Kai, me ya sami bakinka?"

"Dasashi ne, Yaya. Kwana biyun nan ko aswaki na sa sai ya yi jini."

"Ka je kemis?"

"Na je. Sun ce in riƙa shan lemon zaƙi." Ya ƙara ɓantarar raken. "Ke dai komai sai kin ɗaga hankalinki."

Su biyu kaɗai ne a ɗakin uwarsu. Ta rasu a ƙauyensu can wajen Ringim Ya'u bai daɗe da yaye ba, don haka a bayan Saudat ya girma, ita ma a lokacin ba ta gama zama budurwa ba. Da aure ya kawo ta Kano gidan Malam Ado direban tirela, wanda rabin wata yana kan hanya, ba ta zauna haka nan ba, ta samu aiki a wani kamfanin alawa a Bompai tana jera kaya a kwali. Allah bai ba ta haihuwa ba. Amma ba ta taɓa jin kamar ba ta da ɗa ba, domin Ya'u na gama sakandare ya biyo ta. Ita ta nema masa auren Indo, ita ta zaɓi ɗakin hayar da suke zaune a Sharada, kuma da aka haifi yarinya aka sa mata Maimuna, sunan uwarsu, ita ta ce a riƙa kiranta Ummi.

Aikin Ya'u a wani kamfanin takalma ne a nan Sharada. Shekara da shekaru yana tebur guda, inda ake shafa sholisho a ƙasan takalmi kafin a manna. Tagogin ɗakin can sama suke kusa da rufi, fankar da ke zuƙe iska kuwa tun tuni ta tsaya. Akan raba musu takunkumi, amma da zafi ya taso sai kowa ya sauke nasa zuwa haɓa. Shi Ya'u ya daɗe da daina jin warin.

Bayan dasashi sai gajiya. Mutumin da ke tuƙa keke daga Sharada har Dakata bai tsaya ba, yanzu in ya ɗebo ruwa bokiti ɗaya sai ya dafa bango. Wasu tabbai baƙaƙe suka riƙa fito masa a cinya da hannu kamar wanda aka daka, alhali ko tuntuɓe bai yi ba. Indo ta dafa masa zogale, ta tace masa ganyen ugu da madara, Saudat ta kawo rubutu daga wurin malamin unguwarsu. Ya sha duka. Wata safiya yana tsaye a bakin tebur sai kawai ya sulale. Abokin aikinsa Idrisu, wani dogon mutumin Damagaram da suke tebur ɗaya, shi ya saɓa shi a kafaɗa ya sa a adaidaita sahu, kuma shi ya kira Saudat a waya.

A babban asibiti aka yi masa ƙarin jini a ranar, ya farfaɗo har yana tambayar ina kekensa. Amma ba su sallame shi ba. Suka ɗebi jini, suka sake ɗiba, daga baya suka kwantar da shi a gefe suka soka wata doguwar allura a ƙashin ƙugunsa suka zaro ɗan ɓargo. Da sakamako ya fito, likitar da ke duba shi, Dakta Badi'a, ta ce a kira mata babba a gidan. Malam Ado yana hanyar Fatakwal. Saudat ta shiga ita kaɗai.

Dakta Badi'a 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta kai Saudat shekaru ba. Ta ba ta kujera, ta juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Yaya Saudat, ga hoto biyu. Wannan ɓargon mai lafiya ne in an duba da madubin likita. Wannan kuma na Ya'u."

Na farkon cike yake da ɗige-ɗige, cunkus, ba masaka tsinke. Na biyun kuwa ramuka ne farare, kamar saƙar zuma da aka tatse aka yar.

"Jinin da ke jikinmu ba ya dawwama," in ji likitar. "Ƙwayoyi ne ƙanana, kuma kullum mutuwa suke. Jajayen, masu kai iska ko'ina a jiki, kamar wata huɗu suke yi. Masu tsayar da jini in an ji ciwo ko sati biyu ba sa kaiwa. Fararen, masu yaƙi da cuta, wasunsu kwana ɗaya ko biyu ne. Ba ma jin wannan mutuwar saboda ɓargo yana mayar da su ba dare ba rana. A cikin ɓargon akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan, su ne uwaye. In ɗaya ta rabu biyu, ɗaya ta tafi ta zama jini, ɗaya ta tsaya ta ci gaba da zama uwa. Kun yi noma a gida?"

"Da shi muka tashi."

"To kamar manomi ne. Ya ci amfanin gona, amma ya ajiye iri. Shi Ya'u irin ne ya kusa ƙarewa."

Saudat ta daɗe tana kallon farin hoton.

"Me ya cinye shi?"

"Ba zan rantse ba. Wani lokaci ba ma gano dalili. Amma ya faɗa mini aikin da yake yi, kuma a cikin irin wannan sholishon akwai sinadarin da aka san yana kashe ɓargo in an daɗe ana shaƙa."

"To a ci gaba da ƙara masa jini mana. Ai na ga ya tashi."

"Za mu ci gaba. Amma aro ne. Wanda muka sa masa shi ma zai tsufa ya mutu, kuma ba mai mayar da shi. Akwai magani da za mu fara ba shi, ko Allah zai sa ɗan irin da ya rage ya motsa, sai dai yana ɗaukar watanni kafin a ga aikinsa. Abin da ya fi shi ne dashe. A ɗebi uwayen ƙwayoyi daga ɓargon wani a sa masa, su zauna a ƙashinsa su fara haihuwa. Ana yi a kudu, kuma akwai wata gidauniya da ke ɗaukar nauyi in an sami mai bayarwa. Sai dai ba na kowa jiki ke karɓa ba. Sai wanda alamomin ƙwayoyinsa suka zo daidai da nasa, kuma an fi samu a 'yan'uwa shaƙiƙai."

Saudat ta miƙe zaune. Tun da ta shigo sai yanzu ta ji numfashinta ya sauka.

"Ai shi ke nan, Likita. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Nonon da na sha shi ya sha."

"Allah Ya sa. Amma ko a shaƙiƙai, cikin huɗu ɗaya ne ke dacewa. Za mu ɗebi jininki da nasa mu aika a gwada." Ta cire tabaraunta. "Akwai kuma abin da zan roƙe ki, kuma shi ne mai wuyar. Kafin sakamako ya zo, kada ki ba shi jininki. Ko ɗigo."

"Ni? Ai an ce irin jininmu ɗaya."

"Ɗaya ne. Amma in jikinsa ya fara ganin jininki yanzu, zai iya haddace shi a matsayin baƙo. Ranar da muka kawo masa ɓargonki sai ya gane shi ya yaƙe shi. Gara ranar dashen ta zama ranar haɗuwarsu ta farko."

Saudat ta ce ta ji. A ranta ta ɗauka abu ne na 'yan kwanaki.

Kwanaki suka zama makonni. Da farko aka ce samfurin jinin ya lalace a hanya, aka sake ɗiba. Saudat ta nemi a mayar da ita aikin safe, tana tashi daga Bompai ta wuce asibiti da kwanon abinci, Indo ta samu ta koma gida ta yi wanka ta wanke kayan Ummi. Jini kuwa sai ka kawo mai bayarwa kafin a ba ka. Malam Ado ya bayar da ya dawo. Maƙwabta biyu suka bayar. Wani ɗan ƙanin babansu ya zo daga ƙauye zai bayar, likita ta ce shi ma a'a, dangi na jini su dakata. Kowace ledar jini in ta shiga, Ya'u sai ya dawo Ya'u: ya zauna, ya tsokani nas-nas, ya ce a kawo masa Ummi bakin taga ya gan ta, tunda an hana shigo da yara. Bayan 'yan kwanaki kuma tafin hannunsa ya sake yin fari, maganarsa ta koma ciki.

Ana cikin haka azumi ya kama. Masu bayar da jini suka ɗauke ƙafa, firjin ɗakin ajiyar jini ya zama wayam.

Wata rana da azahar haɓo ya ɓalle wa Ya'u. Aka toshe hancin da auduga, ya jiƙa ta, aka sake, ya dawo ta baki. Nas ta fito ta ce ana buƙatar jini yau, kuma babu irin nasa a ajiye. A barandar akwai Saudat, da Indo, da uwar Indo da ta zo dubiya daga Gezawa. Tsohuwar ta dubi Saudat sama da ƙasa, ta yi magana yadda duk masu jinya za su ji.

"Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba. Bare na nesa su zo su bayar, wadda suka fito ciki ɗaya tana zaune tana rowar jini. In tsoron allura kike ki faɗa."

"Inna, likita ce ta hana," in ji Indo a hankali. Amma da ta juyo, idonta jawur, sai ta ce, "Yaya, in ya mutu yau fa? Wa za a yi wa dashen?"

Saudat ta tashi ta nufi ɗakin ɗibar jini, ta zauna a kujerar, ta naɗe hannun rigarta. Ma'aikacin ya san ta, ya san kuma umarnin da aka bayar, sai ya kira Dakta Badi'a. Likitar ta zo da sauri, ta durƙusa a gabanta.

"Ki ɗiba," in ji Saudat. "Ni na goya yaron nan. Ba zan zauna ina kallo yana tsiyaya ba alhali abin yana jikina."

"Ba zan ɗaure ki ba. In kin ce lallai, kuma aka rasa kowa, zan ɗiba da hannuna, don ba zan bar shi ya tafi a yau ba. Amma ledarki ɗaya makonni za ta ba shi. Ɓargonki kuwa, in ya dace, shekaru ne. Har yanzu da sauran lokaci kafin magariba. Ba inda za ki samo mana mutane?"

Saudat ta sauke hannun rigar. Ta fita ba ta bi ta barandar ba.

La'asar ta yi mata a ƙofar kamfanin takalman. Ba ta taɓa zuwa ba. Doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe, ga masu ƙosai da kunun tsamiya sun fara kasa kayan buɗa-baki a gefen kwata. Da aka busa tashi, ma'aikata suka fara fitowa, leɓɓansu a bushe, kowa na sauri. Warin da ke jikinsu ya doke ta. Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ita da ko a kasuwa ba ta ɗaga murya.

Idrisu ne ya hango ta. Ya ji abin da ke tafe da ita, ya hau kan wani bulo ya ɗaga hannu.

"Jama'a! Wannan yayar Ya'u ce. Jini ake nema, yau ɗin nan. Wanda zai iya ya biyo ni."

Wani ya ce ai da azumi a bakinsu. Wani dattijo mai gyaran inji ya ce su je, in an sha ruwa a can sai a ɗiba, ba wanda zai ce sun yi laifi. Wasu suka sunkuyar da kai suka wuce, Saudat ba ta ga laifinsu ba. Waɗanda suka tsaya sun cika adaidaita biyu. Mai kunu ta ɗura musu a leda ta ce su tafi da shi.

A harabar asibiti suka yi buɗa-baki da dabino da kunun, suka yi sallah, suka shiga layi. Idrisu ne a gaba. Ma'aikacin ya soki yatsansa ya gwada, ya dube shi, ya sake gwadawa.

"Malam, kai ba za ka bayar ba. Kai ma naka bai ishe ka ba. A ina kake aiki?"

"Tebur ɗaya muke da mara lafiyar."

Aka rubuta masa ya ga Dakta Badi'a da safe. A cikin sauran aka sami uku masu irin jinin Ya'u. Kafin a yi isha leda ta farko tana rataye a kansa, kuma sabon jinin ya taimaka haɓon ya tsaya.

Da safe Ya'u ya buɗe ido ya ga Saudat a gefen gadon.

"Na ji abin da surukata ta faɗa," ya ce. "Bangon nan ba ya riƙe magana. Kada ki sa a ranki, Yaya. Ki adana mini nawa. Ni babban rabo nake jira."

Shi ma Idrisu an zari ɓargonsa. Dakta Badi'a ta ce nasa ya raunana amma da sauran iri, in ya bar sholisho akwai fatan ya farfaɗo da kansa. Ya bar aikin, ya koma dako a wani sito a Dakata. Likitar ta rubuta wa hukumar da ke duba masana'antu, aka zo aka zagaya, aka gyara fanka, aka fasa sababbin tagogi. Ya'u ya ji labari ya ce to madalla, ko ba komai na baya sun huta.

Ana cikin goman ƙarshe sakamakon ya iso. Saudat na shiga ofis ta ga likitar ba ta juyo da kwamfuta ba, ta gane.

"Bai dace ba," in ji Dakta Badi'a. "Kowane ɗa yana ɗaukar rabin alamominsa daga uwa, rabi daga uba, kuma kowannensu kashi biyu gare shi da zai iya bayarwa. Abin da kika ɗauko daga mahaifiyarku, shi ɗayan ya ɗauko. Haka ma ta wajen mahaifinku. Ko rabi ba ku haɗa ba. In muka sa masa, ko jikinsa ya kashe ɓargon, ko ɓargon ya kashe shi."

"Amma kamarmu ɗaya. Kowa ya gan mu sai ya faɗa."

"Na sani."

"Duk zaman nan da na yi..." Ta kasa ƙarasawa.

Likitar ta taso daga kujerarta. Ta zagayo ta riƙe hannunta, ita ma idonta ya kawo ruwa. Can Saudat ta share fuska da gefen hijabi.

"Yanzu zan iya ba shi?"

"Yanzu za ki iya."

Ta ajiye azumin ranar, ta ce za ta rama. Ta kwanta tana kallon ledar tana cika, tana lilo a kan ma'auni, kuma da aka zare allurar ta ce su ƙara ɗaya. Suka ce ba a yi, sai bayan watanni, jikinta ya mayar da abin da aka ɗiba. Washegari da hantsi aka rataya wa Ya'u. Ita da bakinta ta faɗa masa sakamakon, ba ta bar wa likita ba. Ya juya yana kallon siririn bututun da ke gangarowa zuwa hannunsa.

"Wannan naki ne?"

"Nawa ne."

"Shi ya sa nake jin faɗa yana taso mini." Ya yi murmushi, hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne. "Allah bai yi ba, Yaya. Kin yi naki tun ina zanen goyo."

Ledar ta karɓe shi fiye da duk na baya, ko kuwa haka Saudat ta gani. Ya roƙi a bar shi ya yi Sallah a ɗakinsa. Dakta Badi'a ta yarda, da sharaɗin ba zai je Idi ba, ba zai shiga taro ba, kuma da ya ji ɗumi a jikinsa a dawo da shi ko da wane lokaci ne. Ta ja Saudat gefe ta ce mata jajayen ƙwayoyi ana arawa, amma fararen da ke tsare shi daga cuta ba sa aruwa haka, kuma nasa sun kusa ƙarewa. Maganin da ake ba shi har yanzu bai nuna alama ba.

Ranar Sallah ya sa sabuwar shadda ruwan toka da Malam Ado ya ɗinka masa, ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida ya ci tuwon shinkafa da miyar taushe, ya nemi ƙari. Ummi ta dafa gwiwarsa ta miƙe tsaye, ta saki, ta yi taku ɗaya ta faɗa jikinsa. Ya ɗaga ta sama da hannuwansa biyu. Indo ta ce ya sauke ta kada ya gaji, ya ce a bar shi. Uwar Indo ta zuba wa Saudat abinci da kanta ta tura mata, ba ta dube ta ba, Saudat ta karɓa ta ci.

Ba a gama yawon Sallah ba zazzaɓi ya rufe shi. Suka koma asibiti, aka sa masa ruwa da allurai masu ƙarfi, aka canja wasu, zafin bai sauka ba. Ya riƙa sambatu, yana kiran sunayen awakin da suka yi kiwo suna yara, yana ce wa Saudat ta jira shi kada ta tsallake rafi ta bar shi. Ta ce ba inda za ta. Ta sake zuwa ɗakin ɗibar jini, ma'aikacin ya ce mata ko an ɗiba ba jini ne matsalar ba yanzu.

Da hantsin wata Talata ya dawo hayyacinsa na ɗan lokaci. Ya nemi ruwa, ta ɗiga masa da cokali. Ya tambayi ina Indo, aka ce ta je shayar da Ummi a waje. Saudat ta ga yadda numfashinsa ke yi, ta sa bakinta kusa da kunnensa tana karanta kalmar shahada, leɓɓansa suna bin ta. Kafin Indo ta dawo ya cika.

Maza suka kai shi bayan azahar. 'Yan kamfanin sun zo da yawa, wasu da kayan aiki a jikinsu. Saudat ta zauna a ɗakin Indo tana amsa gaisuwa, kowa ya ce ya haƙuri ta ce da godiya, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Jirin da ta riƙa ji tun da aka ɗebi jininta ya tafi da kansa kafin sadakar arba'in. Ta koma aiki, tana ɗaga kwali kamar da, abinci yana mata daɗi a baki, kuma ta riƙa jin haushin hakan ba ta san wa za ta faɗa wa ba.

Wata rana tana dawowa daga Bompai ta haɗu da Idrisu a bakin titin Dakata, ya sauke buhu daga mota yana share gumi. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta yi kyau. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambaye shi jiki, ya yi ta kame-kame, sai da ta matsa ya ce likita ta ce ɓargon ya tashi, jininsa ya kusa komawa daidai. Ya faɗa kansa a ƙasa kamar mai ba da haƙuri.

"Alhamdu lillahi," in ji Saudat. "Allah Ya ƙara lafiya, Idrisu. Ka riƙe yaranka da kyau." Har cikin ranta ta faɗa. Sai da ta shiga gida ta rufe ƙofa sannan kukan ya zo, irin wanda ba ta yi ba ranar rasuwar, har maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga.

Da Indo ta fita takaba, 'yan'uwanta suka zo da motar a-kori-kura daga Gezawa. Saudat ta taya su ɗaure kaya. Gado, katifa, kwanuka, ba su da yawa. Keken Ya'u kuwa Saudat ta ce a bai wa ɗan maigidan hayar. Da aka gama lodi Indo ta dawo cikin ɗakin da ba komai, Ummi a bayanta, ta durƙusa.

"Yaya, maganar da na faɗa muku a asibiti, ku yafe mini."

"Tashi. Da ni ce ke, da abin da zan faɗa ya fi haka."

"In na yaye ta zan kawo muku ita ta kwana biyu. In kuna so ma ta zauna."

"Ki bari sai lokacin ya yi. Ki dai riƙa kira."

Saudat ta sumbaci tafin ƙafar yarinyar, ta raka su har mota, ta tsaya har suka sha kwana. Sannan ta koma ta share ɗakin, ta kulle, ta kai wa maigidan mukulli. Ta fito bakin titi ta tsayar da adaidaita sahu.

"Ina zuwa, Hajiya?"

"Asibiti," ta ce, ta shiga ta zauna.

Sun yi nisa, har sun wuce shataletale, kafin ta ankara. Ta taɓa kafaɗar direban.

"Yi haƙuri, ɗana. Dakata za ka kai ni."